Yadda Ake Zaɓen Katin Banki Don Cire Kuɗi Da Sayayya A Ƙasar Waje

Katin da yake yi maka aiki lafiya lau wurin mai POS a bakin Kantin Kwari ba lalle ne ya buɗe maka injin ATM a Makka ko Alƙahira ba. Abubuwa huɗu ne suke yanke wannan hukunci: tambarin kamfanin da ke jikin katin, irin kuɗin da ke cikin asusun da aka jona shi da shi, iyakar da bankinka ya sa wa kashe kuɗi a waje, sai layin wayar da lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da banki yake turowa ta saƙo, take shigowa. Dukkansu a nan Kano ake gyara su, a reshen da ka buɗe asusu, kuma suna cin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka ba wa wannan aiki aƙalla mako uku kafin ranar tashi.

Fara da duba jikin katin

Ciro katin ka dubi tambarin da ke kusurwarsa. In ka ga Verve ko AfriGo, ka ɗauke shi a matsayin katin gida. Verve na kamfanin Interswitch ne na Najeriya, AfriGo kuma Babban Bankin Najeriya ne ya ƙaddamar da shi a watan Janairun 2023 domin hada-hadar cikin gida. Akwai wasu ƙasashen Afirka da Verve yake shiga, amma mai zuwa Umara ko saro kaya kada ya dogara da wannan. Abin da kake nema shi ne Visa ko Mastercard. Tsakanin waɗannan biyun babu bambancin da zai dami matafiyi, kusan duk injin da ya karɓi ɗaya yana karɓar ɗayan.

Sai kwanan watan mutuwar katin. In an rubuta 09/27, yana aiki har ƙarshen Satumban 2027. Idan zai mutu kana can, ko wata ɗaya zuwa biyu bayan ka dawo, sabunta shi yanzu, domin kuɗin da otal ko kamfanin jirgi zai mayar maka ta kan katin yake biyowa. Dubi ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare: in ya goge har sai an zura katin sau biyu sau uku kafin ya karanta, a canza shi. Ka nemi wanda ake ɗorawa a kan na'ura ba sai an zura ba, domin a Saudiyya da Dubai da Turai haka aka fi biya. Kuma ka roƙi a buga sunanka a jiki yadda yake a fasfo. Katunan da ake miƙo wa mutum nan take wasu ba su da suna, kuma akwai otal ɗin da sai ya gwada sunan kati da na fasfo.

Ina za ka?

Ƙasar da ka nufa ita ce take faɗa maka nauyin da za ka ɗora wa kati. A Saudiyya kati yana tafiya kusan ko'ina, daga manyan kantunan gefen Harami har kantin magani da tikitin jirgin ƙasa na Haramain. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, dirhamin Dubai kuma a kan 3.6725, saboda haka mai katin dala yana iya yin lissafinsa da ka. Duk da haka aski bayan Umara, da tasi, da mai tura keken tsofaffi, da sadaka, tsabar riyal suke so.

Chana daban take. A Guangzhou da Yiwu mai shayi ma da waya ake biyansa, ta Alipay ko WeChat Pay, kuma ƙananan shaguna da yawa ba su da na'urar karɓar Visa. Tun 2023 manhajojin biyu suna barin baƙo ya jona katinsa na Visa ko Mastercard. Sayayyar da ba ta wuce yuan 200 ba babu caji, abin da ya haura ana ɗora kashi 3 cikin ɗari. Ka yi wannan jonin tun kana gida, domin yana neman hoton fasfo da OTP. Ka kuma sani kati na otal ne da abinci da mota. Kuɗin kwantenar atamfa ko takalma ba ta kati yake tafiya ba, hanyarsa ta banki ce da takardun shigo da kaya.

Mai kai mara lafiya Indiya ko Masar shi ma haka. Asibitoci suna karɓar kati, amma kuɗin tiyata yakan fi ƙarfin iyakar da banki ya sa a rana, kuma injina da yawa a Indiya rufi 10,000 kawai suke bayarwa a cira ɗaya. Babban kuɗi a tura shi asusun asibitin ta banki da fom A, wato takardar neman kuɗin waje, kamar yadda ake yi wa kuɗin makaranta, katin ya tsaya ga magani da masauki. Mai shiga Maraɗi ko Damagaram kuwa ya canji sefarsa ya riƙe, kasuwa a can da tsaba take ci. Rasha da Iran kada ma ka gwada: Visa da Mastercard sun dakatar da aiki a Rasha tun Maris na 2022, a Iran kuma dama ba sa aiki saboda takunkumi.

Na naira ko na dala?

Nan ne mafi yawan kuɗin yake ɓacewa ko ya tsira, don haka bari mu daɗe a kai.

Katin naira yana ci daga asusunka na yau da kullum. Ka sayi dabino da riyal a Madina, kamfanin katin ya juya riyal ɗin zuwa dala, bankinka kuma ya juya dalar zuwa naira a farashin da shi ya yanka. Canji biyu ke nan. Sauƙinsa shi ne ba sai ka buɗe sabon asusu ba, kuma 'yan gida suna iya turo maka naira ka kashe a can. Rauninsa shi ne dalar da kake kashewa ta banki ce, ba taka ba, ranar da ta yi masa ƙaranci sai ya tsuke. An ga haka a 2022, lokacin da bankuna suka sauko da iyakar zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasu manyan bankuna sun sake buɗewa, kowanne da tasa iyakar, wani ta wata, wani ta wata uku, kuma kason da aka yarda a cira a ATM yakan gaza na sayayya. Saƙo ɗaya na waya ya isa ya canza wannan iyakar kana tsakiyar tafiya.

Akwai wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Farashin da za a yi maka hisabi da shi na ranar da cinikin ya kammala ne tsakanin bankunan, wanda kan zo kwana ɗaya zuwa uku bayan ka biya. In naira ta faɗi a tsakani, za ka ga an sake cire wani ɗan kuɗi daga asusunka. Ba sata ba ce, cikon canji ne. Saboda haka kada ka ƙarar da asusun tas, ka bar rarar kamar kashi 10 cikin ɗari a ciki.

Katin dala kuwa yana ci daga asusun kuɗin waje, wanda ma'aikatan banki suke kira dom. Dalar da ka zuba ita kake kashewa, ka riga ka san nawa ka saye ta, faɗuwar naira ba ta shafe ka ba, kuma iyakarsa ta fi faɗi nesa. Canji ɗaya ne, daga riyal ko dirhami ko yuan zuwa dala. Wahalarsa a farko take: buɗe asusu, nemo dala, jiran kati.

Hanyar gane wanda ya fi araha a yau mai sauƙi ce. Tambayi bankinka nawa yake yanka dala a kan katin naira, ka kira ɗan canjin da ka saba da shi a Wapa ka ji nawa yake sayarwa. A ɗauka banki ya ce ₦1,550, Wapa ta ce ₦1,520. Ratar ₦30 ce a kowace dala, wato ₦30,000 a dala dubu. Wani lokaci bankin ne ma yake fin sauƙi, shi ya sa ake tambaya ba a zato. Ra'ayinmu dai shi ne duk wanda zai daɗe a waje, ko yake fita fiye da sau ɗaya a shekara, ya sa katin dala a gaba, katin naira ya zama na ko-ta-kwana. Mai tafiyar mako guda da kashe-kashensa ba su kai iyakar katin naira ba yana iya tafiya da shi da 'yar tsaba a hannu. Wanda zai zauna Ingila ko Turai na tsawon lokaci ya tambaya ko bankinsa yana ba da katin fam ko na yuro, domin ya tsallake canji gaba ɗaya.

Sauran nau'o'in a taƙaice. Akwai katin lodi, wanda ba a jona shi da asusu ba, abin da aka loda masa shi ke nan. Ya dace da ɗalibi da tsofaffi, domin in ya ɓata asarar ba ta wuce abin da ke kansa ba. Kafin ka karɓa ka tambaya ko ana iya ƙara masa kuɗi mai shi yana waje, da yadda ake fitar da ragowar in an dawo. Katin dala na cikin manhaja, wanda lambobi ne kawai babu roba, na biyan kuɗi a intanet ne, ba ya shiga ATM. Katin bashi yana da ruwa, kuma cire tsaba da shi ruwan yakan fara hawa tun daga ranar. Wanda yake gudun riba ya tsaya ga katin da yake cin kuɗinsa na kansa, yana kuma iya tambaya a bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ, waɗanda suke da rassa a Kano. In ɗan'uwa a Landan ya ce ka yi Revolut ko katin Wise, ka gode masa, amma waɗannan ana ba wa mazauna wasu ƙasashe ne, ba mai adireshi a Gwammaja ba.

Buɗe asusun dala da zuba masa kuɗi

Tafi da BVN, da NIN, da fasfo ɗinka, da hotuna biyu, da takardar wuta ta KEDCO ko ta ruwa wadda ba ta wuce wata uku ba. Bankuna da yawa suna neman mutum biyu masu asusun karent su tsaya maka. Wannan ne yake jawo jinkiri, domin in asusunsu a wani bankin yake sai an aika can an tabbatar. Nemo waɗanda suke banki ɗaya da kai, aikin ya ragu da kwanaki. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a BVN da NIN da fasfo. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da takarda. A ranar da aka buɗe asusun ka cike fom ɗin kati, kada ka jira, domin wani reshen yana bugawa nan take, wani sai an aiko daga hedikwata.

Dala hanya biyu ce. Ta farko ka saya wurin ɗan canji mai lasisi ka karɓi rasit, ka kai banki ka zuba. Nemi sababbin takardun dala ɗari masu shuɗin zare a tsakiya, waɗanda aka fara fitarwa a 2013, ka duba kowace ɗaya: ban da mai yagewa, ban da mai hatimi ko rubutun biro. Ta biyu ita ce guzurin tafiya ta banki. Mai tafiyar ƙashin kansa yana da damar neman har dala 4,000 a wata uku, mai tafiyar kasuwanci dala 5,000, ta hanyar cike fom A da nuna fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa. A watan Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan wannan guzuri ta kati ko wata hanyar laturoni, ba tsaba ba, wanda shi ma dalili ne na mallakar katin dala. Guzurin alhazai yana da nasa tsari ta hannun hukumar alhazai, maniyyaci ya ji daga jami'in ƙaramar hukumarsa yadda za a biya na bana.

Tambayoyin da za ka yi kafin ka bar teburin

Kada ka ce "katin nan yana aiki a waje?" Amsar kullum e ce, kuma ba ta amfane ka da komai ba. Ka ce: "Malama, nawa zan iya cira a ATM a waje a rana ɗaya, nawa a wata? Na POS fa? Kashi nawa kuke ɗorawa in na biya da kuɗin da ba dala ba? Nawa ne cajin kowace cira?" Rubuta amsoshin a takarda a gabanta.

Cajin hawa-hawa ne. Akwai farashin canji na Visa ko Mastercard, wanda yake kusa da na kasuwar duniya, kuma kowannensu yana da shafin da za ka duba na ranar. Akwai kason da bankinka yake ɗorawa a kai. Akwai cajin cira a ATM, sannan mai injin a can shi ma yana iya karɓar nasa, yakan nuna shi a allo kafin ka amince. Sai kuɗin kula da katin kuɗin waje na shekara, wanda jadawalin cajin Babban Banki na 2020 ya tsayar a dala 10.

Cajin da ba ya canzawa shi ne yake cin mai cira kaɗan-kaɗan. A ɗauka duk cira ɗaya tana cin dala 4. Ka ciri riyal 200, wato dala 53 da 'yan kai, ka biya kashi 7.5 cikin ɗari. Ka ciri riyal 1,500, wato dala 400, kashi 1 kacal ka biya. Don haka a cira da ɗan yawa, a rage zuwa, duk inda kuma ake karɓar kati a biya da shi kai tsaye, domin POS ba shi da cajin cira.

Layin waya da gwaji

Katuna da yawa da ake cewa sun ƙi aiki lafiyarsu ƙalau, OTP ne bai iso ba. Layin da ke kan asusunka ya tafi tare da kai, kada ka bar wa uwargida ko yaron shago. Je ofishin kamfanin layin a buɗe maka romin, wato damar amfani da layin a ƙasar waje, a tabbatar yana jone da NIN, ka sa masa kuɗin kira. Wayar mai layi biyu ta fi: ɗaya na gida don saƙonnin banki, ɗaya na can don data da kira, ka kashe data a kan na gida kada ta cinye kuɗin. Ka sa a haɗa maka alat ta imel, ka kuma karɓi token mai ba da lambar tabbatarwa, na ƙarfe ko na cikin manhaja, domin shi ba ya jiran saƙo.

Wani kuskure da ake yawan yi: mutum ya sayi sabuwar waya a Dubai ko Jidda, ya goge tsohuwar, ya ce zai sauke manhajar banki a sabuwar. Manhajar tana ɗaure da wayar da aka yi mata rajista, sauya ta yana neman tantancewa, wani lokaci har sai an je reshe. Sabuwar waya ta jira a kwalinta sai an dawo Kano.

Shiga manhajar ka nemi wurin sarrafa kati. Bankuna da yawa suna rufe amfani a waje tun daga farko, kuma makunnin yakan rabu uku: ATM, POS, intanet. Kunna duka ukun. Sanar da banki ƙasar da za ka da ranakun, har da inda za ka yada zango, domin na'urarsu in ta ga katin da ya saba Sabon Gari ya ɓulla a Istanbul tana iya toshe shi da zaton sata. Sannan ka gwada: sayi wani ƙaramin abu na dala ɗaya ko biyu a intanet, ka ga OTP ya shigo, ka ga nawa aka cire. Lambar sirri ta zama huɗu, ka haddace ta, kada a rubuta ta a bayan katin.

Riƙe kati biyu daga banki biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard in da hali. Banki ɗaya yana iya samun matsalar sabis na yini guda, biyu a tare da wuya. Ɗaya a jikinka, ɗaya a jakar da ke masauki. Haɗa da tsabar da za ta riƙe ka kwana biyu zuwa uku. In tsabar ta haura dala 10,000 ko kwatankwacinta, wajibi ne ka bayyana wa jami'an kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano. Kuma kada ka karɓi katunan mutane ka je ka ciro musu a waje, ko da kuwa maƙwabci ne. An sha kama matafiya da tarin katuna a filayen jirgi, kuma bayanin cewa taimako kake yi ba ya fitar da kai.

A gaban injin

Zaɓi injin banki, wanda yake cikin reshe ko a jikinsa, da rana a ranar aiki, domin in ya riƙe katin akwai wanda za ka yi wa magana. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne hutu. Injinan 'yan kasuwa da ke tsaye su kaɗai a filin jirgi da wuraren baƙi sun fi tsada. Kafin ka zura katin girgiza bakin ramin da yatsa, in yana motsi ko an liƙa wani abu a kai, bar shi. Rufe hannunka in kana danna lambar sirri. In ya tambayi irin asusu, zaɓi wanda ya dace da naka, in ya ƙi ka gwada ɗayan. Nemi adadin da zai tilasta masa ba ka ƙananan takardu, kamar riyal 1,450 maimakon 1,500, kada ka tashi da 'yan ɗari biyar-biyar da mai tasi ba shi da canjinsu.

Yanzu ga allon da ya fi kowanne cin kuɗin baƙi. Injin zai gane katinka na waje ne, ya nuna maka adadin da dala, wani lokaci da naira, ya tambaya ko ka amince ya canza maka. Ka ƙi. Danna inda aka rubuta "without conversion" ko inda aka sa kuɗin ƙasar, SAR a Saudiyya, AED a Dubai, EGP a Masar. In ka amince, mai injin ne ya yanka maka farashi, kuma nasa ya fi na kamfanin kati tsada. Misali riyal 1,500 a kan 3.75 dala 400 ne. In ya yi maka a kan 3.55 ya zama dala 422 da rabi, kuma wannan ba lalle ya hana bankinka ɗora nasa ba. Ko da katinka na dala ne kuma allon ya nuna dala, kuɗin ƙasar za ka zaɓa. Haka a POS: dubi allon kafin ka sa lamba, in mai shago ya danna maka dala ka ce ya soke ya sake da riyal.

A ƙasashe da yawa katin ne yake fara fitowa kafin kuɗi. Zare shi nan take, in ka tsaya injin zai mayar da shi ciki. Karɓi rasit. Lambar sirri in ka kuskure sau biyu ka dakata, na uku yana toshe katin, kuma buɗe shi daga nesa wahala ne.

Otal yana da nasa salon. Ranar shiga sukan riƙe wani kuɗi a kan katin a matsayin jingina. Alat zai shigo tamkar an cire, kuma ba za ka iya taɓa kuɗin ba sai sun sake shi, wanda kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har wata guda. Tambayi adadin kafin ka miƙa kati. In an yarda ka ajiye tsaba ka karɓi rasit, ya fi. Ranar fita kuma ka biya da katin da aka riƙe kuɗin a kansa, ka ce su saki jinginar a gabanka.

Dattijo ko Hajiyar da ba ta karanta Turanci ko Larabci kada ta nemi taimakon wanda ta tarar a layin ATM. Tun daga gida a haɗa ta da amintacce cikin abokan tafiya, a nuna mata yadda za ta danna lambarta da kanta, shi ya yi sauran.

In abu ya ɓaci

Kati ya ƙi, bi dalilan ɗaya bayan ɗaya. Ko makunnin waje a kashe yake, ko ka cika iyakar yini ko ta wata, ko kuɗin bai kai ba saboda ka manta caji da abin da otal ya riƙe, ko adadin ya fi ƙarfin abin da injin yake bayarwa a cira ɗaya, ko banki ya toshe don tsaro. Rage adadin ka gwada sau ɗaya a injin wani banki. In ya sake ƙi, kada ka yi ta zurawa, yawan gwaji shi ma yana jawo toshewa. Koma kan kati na biyu, sannan ka tuntuɓi banki.

Kati ya ɓata, toshe shi a manhaja a take. Lambobin da ake dannawa da tauraro ba kullum suke aiki a romin ba, lambobin 0700 da 0800 su ma sau da yawa ba sa shiga daga waje. Saboda haka tun kana Kano ka karɓi lambar bankin mai farawa da +234 da adireshin imel ɗinsu, ka rubuta a takarda daban da waya. Duk wanda ya kira ka yana cewa daga banki yake, ya nemi OTP ko lambobi ukun da ke bayan kati, ɓarawo ne, kashe wayar.

An cire kuɗi injin bai bayar ba, ko POS ya ce ciniki bai shiga ba amma alat ya shigo: ajiye rasit ɗin, ɗauki hoton injin da lambarsa, rubuta rana da lokaci da adadi. Ƙorafin wurin bankinka na Najeriya za ka kai, ba wurin mai injin ba, domin shi ne zai bi kuɗin ta hannun Visa ko Mastercard. Aika ta imel a ranar, ka nemi lambar ƙorafi. Na waje ya fi na gida daɗewa, yakan ɗauki makonni, kuma yana da wa'adin shigarwa, don haka kada ka ce sai ka dawo. In mako biyu suka wuce banki bai ce komai ba, kana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, da lambar ƙorafin da kwafin rasit.

Da ka dawo, kashe makunnin waje a manhaja, canza lambar sirri, ka ci gaba da duba bayanan asusun har wata guda. A wannan tsakanin ne jinginar otal take dawowa, cikon canji yake fita, kuma in wani ya kwafi bayanan katin a hanya, a nan za ka fara ganin ƙananan cire-ciren da ba kai ka yi ba. Ko na dala ɗaya ne ka gani, toshe katin ka nemi sabo.